LOTSE-LOTSEN FATAR CINYA: ABIN DA YA KAMATA MATA SU SANI

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a taron reshen mata na ƙungiya



 Shugabanni ne suka ɗora wa kwamitin lafiya nauyin yin bayani a kan wata matsala da tambaya ta yi yawa a kanta, amma kullum a asirce ake tambayar, sai an ja mutum gefe an yi ƙasa da murya. To, yau tun da mu ya mu ne, za mu faɗe ta a fili. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Abin da muke nufi shi ne lotse-lotsen nan da kan fito a fatar cinya da mazaunai da kwatangwalo, wani lokaci har da ciki da bayan damtse. Sai ki ga fata ta yi tudu da kwari kamar bawon lemo, musamman idan kika tsaya a gaban madubi ko kika matse wurin da hannu. Turawa na kiran sa selulait, kuma wannan sunan ne za ku gani a jikin kwalaben man shafawa da suka cika shagunan Dugbe, shi ne kuma masu talla a waya ke ambata. Mu dai a nan za mu riƙa ce masa lotse-lotse.

Magana ta farko, kuma ita ce babba: wannan abu ba ciwo ba ne. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa a cikin mata 100 da suka balaga, tsakanin 80 da 90 suna da shi, wata kaɗan, wata da yawa. Ku duba zauren nan. A kowane benci mai ɗaukar mutum goma, da ƙyar za a sami biyu da ba su da shi. Siririya na da shi, mai jiki na da shi, har 'yan wasan tsere da ake nunawa a talabijin akwai masu shi. Ba ya zafi, ba ya hana haihuwa, ba ya juyewa ya zama wani ciwo, ba a ɗauka daga wata. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma sanyi ba ne, balle a ce jifa ko sammu.

To, in haka ne, me ya sa ake ta surutu a kansa? Tarihin kalmar ma kaɗai ya isa amsa. Daga Faransa ta fito. Ta bayyana a wani ƙamus na likitanci a 1873, kuma a lokacin kumburin nama take nufi, ba wannan ba. Daga baya masu shagunan kwalliya na Faransa suka ɗauke ta suka liƙa wa cinyar mata. Mujallar ado ta Vogue ta gabatar da ita ga matan Amurka a 1968. A 1973 wata Bafaransa mai shagon gyaran jiki a Niyok, Nicole Ronsard, ta rubuta littafi sukutum a kai, aka yi ta rububin saye. Abin da mata suka rayu da shi tun fil azal ba wanda ya damu, sai ga shi ya zama aibi, ga kuma mai magani a bakin ƙofa. A 1978 wasu likitoci biyu Jamusawa, Nürnberger da Müller, suka binciki fatar maza da mata, kuma a kan takardar da suka wallafa suka kira shi ciwon da aka ƙirƙira. Mu ma ra'ayinmu ke nan.

Bari mu bayyana yadda yake faruwa, domin duk wadda ta fahimci wannan, mai talla ba zai sake cin kuɗinta a banza ba.

Iyayenmu sun san katifar rimi irin ta da. Idan mai katifa ya cusa rimi, sai ya soka zare daga sama ya fito ƙasa, ya ja ya ɗaure, wuri-wuri. Inda zare ya ja sai ya lotsa, tsakanin zare da zare kuma rimi ya turo ya yi tudu. To, haka jikinmu yake. A ƙarƙashin fata akwai shimfiɗar kitse, a ƙarƙashin kitse kuma tsoka. Akwai wasu zaruruwa masu ƙarfi da suka ratsa ta cikin kitsen suka ɗaure fata da shimfiɗar da ta lulluɓe tsoka. Zare na jan fata ƙasa, kitse na turo ta sama. Lotse-lotse ke nan, ba ƙari ba ragi. Kitsen da ke wurin kitse ne irin na ko'ina a jiki. Masu cewa wai datti ne ko guba ta taru a ƙarƙashin fata, sai an sha wani shayi an wanke ta, ba su da hujja.

Wata za ta ce, to maigida fa, ga tumbi ga wuya, amma cinyarsa sumul? Nan ne binciken Jamusawan nan ya yi amfani. A jikin mace zaruruwan a tsaye suke, jere kamar turakun rumfa, don haka kitse na samun ɗaki-ɗaki ya turo. A jikin namiji kuwa a gicciye suke kamar saƙar raga, sun danne kitsen, ga fatarsa kuma ta fi kauri a wurin. Shi ya sa da wuya a ga abin a jikin maza, sai fa wanda sinadarin mazantakarsa ya yi ƙasa, ko wanda likita ya ɗora a kan maganin da ke da sinadarin mata. Sinadarin nan na mata, wanda ake kira istirojin, shi ke sa jikin yarinya ya fara tara kitse a cinya da kwatangwalo idan ta balaga, tanadi ne na ɗaukar ciki da shayarwa. Don haka lotse-lotse yakan fara bayyana bayan balaga, ya ƙaru da goyon ciki. Idan al'ada ta ɗauke kuma, fata kan yi saurin rasa ƙarfinta, har kusan kashi 30 cikin 100 na sinadarin da ke riƙe ta kan tafi a shekaru 5 na farko, sai abin da ke ƙasa ya ƙara fitowa. Akwai kuma gado. Idan mahaifiyarki na da shi sosai, ke ma kada ki yi mamaki.

Likitoci sun kasa shi mataki-mataki. Akwai wanda ba a gani sai an matse fata. Akwai wanda ake gani idan mace na tsaye amma ya ɓace in ta kwanta. Akwai wanda yana nan ko a tsaye ko a kwance. Duk cikinsu babu mai hatsari. Kada kuma a haɗa shi da nankarwa, ita tsagewa ce a cikin fata saboda miƙewa, hanyarsu daban.

Yanzu mun zo inda muke roƙon kowa ta ajiye hira ta saurara, domin a nan ne rai yake. Akwai abubuwan da suka yi kama da lotse-lotse, ko a suna ko a ido, amma su ciwo ne na gaske.

Akwai wani ciwo da sunansa na Turanci ya kusa zama ɗaya da wannan, selulaitis. Harafi kaɗan ne tsakaninsu, amma nisan su kamar sama da ƙasa. Shi ƙwayoyin cuta ne ke shiga cikin fata ta wata 'yar kafa, ko faso, ko ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, ko cizon ƙwaro da aka sosa, ko ƙaramin rauni. Galibi ƙafa ɗaya yake kamawa. Wurin zai kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ya yi sheƙi, taɓawa ma ba ta yiwuwa, sau da yawa da zazzaɓi da rawar sanyi. A littafin Turawa an ce wurin yakan yi ja, amma a irin fatarmu sau da yawa duhu yake ƙarawa, don haka kada a tsaya jiran ganin ja. Yana yaɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya shiga jini yana kisa. Masu ciwon sukari su suka fi shiga hatsari. Wannan ba na man zafi ba ne, ba na ƙaho ko sakiya ba ne, ba kuma na kemis ɗin bakin layi ba ne. Asibiti za a tafi a ranar.

Haka nan idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, musamman ga mai jego, ko mai ciki, ko wadda ta sauko daga doguwar tafiya, irin zaman nan da muke yi a mota daga nan zuwa Kano ko Sakkwato, ƙafa a naɗe kwana da yini. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Kada a matsa, kada a murza, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu.

Sai wanda ya fi damun mu. Duk wadda ta ga fatar nononta ta yi irin wannan bawon lemo, ta yi kauri da ƙananan ramuka, ko kan nonon ya shige ciki, kada ta ce ai lotse-lotsen nan ne da aka yi mana bayani a taro. A'a. A nono, wannan na daga cikin alamun sankarar mama, kuma yana iya zuwa ba tare da an ji wani ƙullutu ba. Kunya ba ta da wuri a nan. A je asibiti a wannan makon, in likita mace ake so a nema, ana samu.

Akwai kuma matan da ƙafafunsu biyu ke cika da kitse daga kwatangwalo har idon sawu, amma tafin ƙafar na nan daidai, jikin sama kuma ba shi da ƙiba. Wurin na ciwo in an taɓa, abu kaɗan sai jini ya kwanta. Wannan wata lalura ce daban, lifidima, wadda likitoci biyu a Amurka, Allen da Hines, suka fara bayyanawa a 1940. Rage cin abinci ba ya sauke ta, don haka a daina yi wa masu ita gorin ci. Ba kuma tundurmi ba ce, shi tundurmi tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum, kuma kumburinsa kan haɗa har da ƙafar ƙasa. Dukansu biyu na buƙatar likita.

To, mu koma kan lotse-lotsen kansa. Ana iya raba mace da shi ɗungurungum? Gaskiya ɗaya ce, har yau babu man shafawa ko ƙwaya ko shayin da ke yin haka. Ku tuna da katifa. Matsalar zare ce a can ƙasa, mai kuwa a sama ake shafa shi. Mayukan da ke da sinadarin gahawa kan ɗan tsotse ruwan wurin, fata ta ɗan ɗame na wani lokaci, in an daina ta koma. Masu sinadarin retinol kan ɗan ƙara wa fata kauri, amma sai an yi kamar wata 6 ana shafawa kullum kafin a ga ɗan canji, kuma ba a son mai ciki ta yi amfani da shi. Dilka da halawa da sauran gyaran amare suna sa fata laushi da sheƙi, ba mu hana ba, mu ma muna so, amma ba sa kai wa ga zare. Tausa da injin matsa jiki su ma haka, kwana kaɗan ne. Shayin rage ƙiba kuwa, da yawansu ganyen filasko ne a ciki, gudawa kawai zai sa ki, ruwan jikinki ya tafi, kitse na nan inda yake.

A ƙasashen waje akwai aikin da likitocin fata ke yi na tsinke zaruruwan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna Cellulaze a 2012, da wata Cellfina a 2015, wadda ke shiga da ɗan siririn ƙarfe ta yanke zaren da ya ja ramin, kuma gyaran kan kai shekara 2 zuwa 3. Kuɗi ne masu yawan gaske. A 2020 aka amince da wata allura mai suna Qwo da ke narkar da zaren, aka yi ta murna, amma a Disamba 2022 kamfanin da kansa ya daina yin ta saboda kwanciyar jini da canjin launin fata da take bari. Ku lura da wannan, domin irin fatarmu ta fi saurin yin baƙin tabo, da tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma. Tiyatar zuƙe kitse kuma ba ta gyara lotse-lotse, sau da yawa ma ƙara shi take yi, kuma ba wasa ba ce. Manyanmu za su tuna yadda uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen a Oktoba 2005 bayan irin wannan tiyata. In wadda ke da wannan hali ba ta tsira ba, ina ga wadda za ta miƙa jikinta ga mai allura a bayan shago?

Wannan ya kawo mu ga abin da muke gani da idonmu a unguwa. Yawancin 'ya'yanmu ba rama suke nema ba, cika suke nema, musamman in biki ya matso, ko an ji kishiya na tafe. Sai a shiga shan sha-ka-fashe. Iyaye, ku san abin da ke cikin ƙwayoyin nan. Wasu maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki, ya sa barci da kasala, har yakan taɓa hanta. Wasu kuwa, waɗanda suka fi muni, deksametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don asma da wasu manyan cututtuka. Shi ba inda ake so yake kai kitsen ba. Fuska ce za ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, doron wuya ya taso, tsokar cinya da ta mazaunai kuma ta zube. Fata ta yi siriri, nankarwa mai faɗi ta keto, lotse-lotse ya ƙara fitowa. Bayan wannan ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga ƙashi ya yi rauni. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma duk wadda ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi rana ɗaya don ta ji jawabinmu, yin haka na iya kayar da ita. Ta je wurin likita ya riƙa rage mata a hankali.

Man bilicin ma haka. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba babu suna babu lambar NAFDAC suna da ɗan'uwan wannan maganin a ciki. Yana cinye kaurin fata. Wadda ke shafa shi a cinya da safe, da dare kuma ta shafa man selulait, tana rushe gini ne da hannun dama tana yaɓe da hagu, kuɗi biyu kuma sun tafi. Allurar ƙara mazaunai da ake yi a ɗakuna kuwa, ba mu da abin cewa sai dai a guje ta. Ba a san abin da ake ɗurawa ba, yana ruɓar da nama, yana iya bin jini ya toshe huhu.

To, me ke taimakawa? Abin da ke taimakawa ba a kwalba yake ba, shi ya sa ba a tallarsa. Idan tsokar da ke ƙasa ta yi ƙarfi ta cika, kitsen da ke sama kuma ya ragu, fata kan fi kwanciya. Ba zai ɓace ba, amma zai ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau 5, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Kakanninmu ba su san wannan lissafi ba amma sun cika shi har da ƙari, ga daka, ga surfe, ga jan ruwa a rijiya. Mu kuwa injin niƙa na bakin ƙofa, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, mai shago ta wuni a kan kujera, ɗakunan hayar nan na Kudu kuma ko tsakar gidan kirki babu. Duk da haka akwai dabara, ko ga wadda ba ta fita. Ki dafa bango ko bayan kujera, ki yi kamar za ki zauna, ki miƙe, sau 10, ki huta, ki sake. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗaga ƙugu sama ki sauke. Mai bene ta hau ta sauka. Mai zuwa kasuwa ko makarantar Islamiyya ta sauka daga keke tun kafin a iso, ta ƙarasa a ƙafa. Mai ciwon gwiwa ko zuciya, da mai ciki, da wadda aka yi wa aiki, su fara tambayar likita.

Batun abinci ba sai mun tsawaita ba. Mun haɗa na gida da na nan, tuwo da dare, teba ko amala da rana, man ja har yana iyo a kan miya, ga lemon kwalba a kowane suna da biki. A rage maiƙo da zaƙi da gishiri, a ƙara ganye da wake da kifi, zogale da rama da kuɓewa duk ana samu a kasuwa. Mai ƙiba ta sauke a hankali. Wadda ta rame da gaggawa fatarta kan saki, sai lotse-lotsen ya fi na da, in ta sake hawa ta sake sauka kuma abin ya daɗa lalacewa. Taba da shisha, wadda muke jin ta fara shiga wuraren bikin 'yan mata, suna tsufar da fata tun ba a kai ko'ina ba.

Muna da 'yar magana ga iyaye da masu gyaran amare. Yarinya 'yar shekara 17 ko 18 ba ta san cinyarta na da wani aibi ba sai ranar da wata babba ta duba ta yi tsaki. Daga ranar ne take fara neman ƙwaya. Mai gyara kuma da za ta ce a ƙara kuɗi za ta goge shi kafin ranar kai amarya, ta san ba za ta iya ba. Tun da an ce jawabin nan zai fito a mujalla, mazan da za su karanta su ma su ji: abin da kuke gani a fim da hotunan waya an shafe shi ne da na'ura, matan da ke cikin hoton su ma suna da shi. Gori a kan wannan ya sa mata da yawa shan abin da ya kai su gadon asibiti.

Wadda take da tambaya amma tana jin nauyin ɗaga hannu, akwai takarda da biro a wurin sakatariya, ta rubuta ba sai ta sa suna ba, za mu karanta mu amsa bayan an sha ruwa. Wadda kuma ta zo da wani mai ko ƙwaya a jaka tana son a duba mata abin da ke ciki, ma'aikatan jinyarmu biyu na nan a ɗakin baya har ƙarfe 6.